Na Tashi Daga Jinyar Taifod, Amma Barcin Dare Ya Ƙaurace Mini

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne ɗan shekara 41, ina zaune a Kurna, ina da shago a Kantin Kwari. Na kwanta asibiti da taifod, an sallame ni, zazzaɓin ya sauka, yanzu ina ƙarasa maganin Cipro da aka rubuta mini. Damuwata barci. Da rana ina kwance a ɗaki ina ta gyangyaɗi, wani lokaci in yi barcin awa 3 bayan La'asar. Da dare kuwa idona biyu har wajen ƙarfe 3, ga zafin gari, ga ciwon kai da na gaɓoɓi, ga tunanin shago da bashin jinya. Nakan sha Panadol Extra da shayi kafin in kwanta saboda kan. Wani abokina ya ce in karɓi Baliyam a kemis, ko in haɗiyi Piriton biyu. In sha, ko akwai wata dabara?

Wa alaikumus salam. Sannu da jiki, Malam, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Kada ka karɓi Baliyam ɗin, za mu zo kan dalili. Akwai abin da ya fi shi gaggawa a cikin wasiƙarka, kuma daren yau za ka iya gyara shi.

Kowace ƙwayar Panadol Extra tana ɗauke da farasitamol miligiram 500 da kafeyin miligiram 65. Kafeyin shi ne sinadarin da ke cikin goro da ganyen shayi da Nescafé da Coca-Cola, mai hana ido rufuwa. In ka sha ƙwaya 2, ka bi da kofin shayi mai kauri, ka zuba wa jikinka kusan miligiram 180 daf da kwanciya. Lafiyayyen mutum ma sai ya yi awa 5 zuwa 6 kafin jikinsa ya fitar da rabin wannan. Kai kuma kana kan Cipro, wanda ke rage wa hanta saurin sarrafa kafeyin, don haka shayin da a da kake sha ka yi barcinka lafiya, yanzu yana daɗewa a jininka fiye da yadda ka saba. Cipro ɗin kansa yakan hana wasu mutane barci. Duk da haka kada ka ajiye shi, domin taifod ɗin da ba a ƙarasa maganinsa ba yana dawowa. In sau 2 a rana aka ce ka sha, ka tsayar da shi ƙarfe 7 na safe da 7 na yamma, kada na daren ya kai 11. Kada kuma ka haɗiye shi da madara ko fura da nono ko ƙwayar ƙarin jini, suna hana shi shiga jiki sosai.

Don ciwon kai da gaɓoɓi, koma kan farasitamol zalla, wanda ba a rubuta Extra a jikinsa ba. Ƙwaya 2 masu miligiram 500, rabin awa kafin ka kwanta. A bar awa 6 tsakanin sha da sha, kada a wuce ƙwaya 8 a awa 24. In jinyar ta ramar da kai har nauyinka ya gaza kilo 50, ko likita ya ce cutar ta taɓa hanta, sai ya rage maka adadin. Ka sayi ma'aunin zafin jiki ka riƙa aunawa kafin ka sha, saboda farasitamol yana rufe zazzaɓi, kuma dawowar zazzaɓi abu ne da muke so ka gani da wuri. Ibuprofen da Diclofenac da haɗin da ake ƙulla wa mutane a leda, ka nisance su a yanzu. Taifod yana yi wa hanji miki, su kuma suna ƙara haɗarin zubar jini. Shayi kofi ɗaya marar kauri da safe ba laifi. Daga Azahar kuwa babu shayi, babu goro, babu lemon kwalba baƙi, babu abin shan ƙara kuzari. Kwana 2 zuwa 3 na farko kan zai iya ɗan sarawa saboda ragin, zai wuce.

Wannan ya cire abin da ke tare barcin. Amma tushen matsalarka a yininka yake.

Abu 2 ne ke kawo barcin dare. Na farko nauyin barci da ke taruwa a ƙwaƙwalwa tun daga lokacin da ka farka: yawan awannin da ka yi a farke kana motsi, yawan nauyin da idonka zai yi da dare. Duk gyangyaɗin rana yana zaftare wani abu daga ciki. Kamar yunwa ne, wanda ya yini yana ciye-ciye ba zai ji marmarin tuwon dare ba. Na biyu agogon jiki, wanda hasken rana ke saitawa ta ido. Hasken safe yana sanar da ƙwaƙwalwa gari ya waye, daga nan take ƙirga lokacin da za ta saki sinadarin da ke kawo barci in dare ya yi. Wanda ya yi kwanaki a gadon asibiti, fitila a kunne, ana tashinsa allura tsakar dare, ya dawo gida ya shige ɗaki mai labule a sake, ya rasa duka biyun. Ba wani sabon ciwo ne ya same ka ba, dare da rana ne suka cakuɗe wa jikinka. Kuma kasalar da kake ji ba lalaci ba ce. Jikin da ya yi yaƙi da cuta yana neman barci fiye da awa 7 zuwa 9 da babban mutum ke buƙata. Ba rage maka barci muke so mu yi ba, so muke mu kwaso shi daga yamma mu mayar da shi dare.

Fara da lokacin tashi, don shi kaɗai ne a hannunka. Ba ka iya tilasta wa kanka barci, amma kana iya tashi. In ka yi Asuba kana so ka koma, koma, amma ƙarfe 7 ka miƙe, kullum, har Juma'a da Lahadi, ko da ƙarfe 3 barcin ya ɗauke ka. Kwanaki 3 zuwa 4 na farko za ka ji jiki, kuma a nan mafi yawan mutane ke karaya su ce bari su rama zuwa hantsi. Ramuwar nan ita ke sake tura barcin daren gaba. In za ka tashi, zauna a bakin katifa minti 1 tukuna, domin jiri yana kama mai jinya in ya zabura tsaye. Yi wanka, cire kayan barci, sa riga kamar mai shirin fita. Fito tsakar gida ko ƙofar gida ka zauna minti 20 zuwa 30 kafin ƙarfe 9, tun rana ba ta yi zafi ba. Ba sai ta dake ka ba, inuwar darbejiya a waje ta ninka hasken ɗaki sau da yawa. A nan za ka karya, koko ne ko kunun gyaɗa da ƙosai, saboda lokacin cin abinci ma yana taimaka wa agogon jiki ya daidaita.

Daga nan katifa ta huta sai ƙailula. In kana son hutawa, zauna a kujera ko ka jingina a tabarma a falo ko zaure, inda iyali ke kai da kawowa. Ƙailula kuwa muna son ka da ita: bayan Azahar, awa 1 a makon farko, daga baya ka rage zuwa minti 30, kuma ka tabbata ka tashi kafin ƙarfe 3. Sa ƙararrawar waya, ko maiɗakinka ta tashe ka, ka kuma gaya mata tun da wuri kada ta ji tausayinka ta ƙyale ka. Masu jinya sukan ga tashin marar lafiya daga barci kamar zalunci ne, shi ya sa sai kai da bakinka ka ba ta izini.

Tsakanin La'asar da Magariba shi ne lokacin da ya fi wuya, kuma shi ne barcin da ya fi yi maka ɓarna. Cika shi da abu 2. Na farko tafiya: minti 5 zuwa 10 a hankali, ko zuwa masallacin unguwa ne ka dawo, ka ƙara minti 2 zuwa 3 bayan kowane kwana 2. In washegari ka tashi jikinka ya mutu fiye da jiya, ka yi yawa, koma adadin baya. Na biyu masu dubiya. A garin nan an saba sai an taso daga kasuwa, bayan Magariba ko Isha, sannan a zo gaida marar lafiya, a zauna hira har 10 ko 11. Zumunci ne, kuma mai jinya yana jin daɗinsa, amma lokacin ne bai dace da kai ba. Sa ƙaninka ko babban ɗanka ya sanar da 'yan'uwa da abokan kasuwa cewa bayan La'asar ake ganinka. Hirarsu za ta hana ka gyangyaɗi daidai lokacin da kake buƙatar haka, daren kuma ya zama naka. Ba wanda zai ga laifinka, tunda ya tabbata a hadisi cewa Annabi (SAW) ba ya son barci kafin Isha da hira bayanta. Jiƙe-jiƙen da wasu za su zo maka da su, ka yi godiya ka ajiye har ka gama maganin asibiti.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne kwanciya da wuri don a rama bashi. Mutum ya hau katifa ƙarfe 8 da rabi, ya yi awa 6 yana juyi, har ƙwaƙwalwa ta saba cewa katifa wurin tunani ce. Tunda yanzu sai 3 kake barci, kada ka kwanta kafin 11 da rabi ko 12, kuma sai ka ji idonka ya yi nauyi. In ka sami kwana 2 zuwa 3 a jere barci yana ɗaukarka cikin rabin awa, matso da lokacin baya da minti 20 zuwa 30. Haka za ka riƙa ja har ka iso 10. In ka kwanta ka ga abin ya kai kamar minti 20 zuwa 30 babu alama, tashi ka koma tabarma ko kujera cikin haske kaɗan, ka ja carbi ko ka saurari karatu da murya ƙasa-ƙasa, sai hamma ta zo ka koma. Ko sau 3 ne a dare, yi hakan. Kada ka duba agogo, lissafin awa nawa ya rage kafin Asuba yana korar barci. Wayar ma ta kwana nesa da kai. Haskenta a ido matsala ce, amma abin da ke cikinta ya fi: saƙon farashin atamfa da na dala a WhatsApp ƙarfe 1 na dare ba abin da zai ƙara maka sai bugun zuciya. In ka ji ƙirjinka ya ɗaure, ja numfashi ta hanci kana ƙirga 4, ka sake shi a hankali kana ƙirga 6, na minti 5.

Tunanin shago da bashi gaskiya ne, ba za mu ce ka manta da shi ba. Ba shi lokacinsa da rana. Bayan Magariba ɗauki littafi, minti 15, rubuta wa kake bi, wa ke binka, wa za ka kira gobe, me yaron shago zai yi. In tunanin ya taso tsakar dare, ka san yana rubuce, ba abin da zai ɓace kafin safiya. Yaron shago kuma ya riƙa kawo lissafi da hantsi ko bayan La'asar, ba da dare ba. Wanda kake jin nauyin bashinsa, kira shi ka gaya masa halin da kake ciki da lokacin da kake sa ran biya. Maganar da aka riga aka yi ba ta cin rai kamar wadda ake ta ɗagawa.

Sai zafi. Jiki ba ya shiga barci sai zafinsa na ciki ya ɗan sauka, kuma a bazarar Kano, daga Maris zuwa Mayu, da rana takan kai digiri 40, bangon bulo da rufin kwano suna riƙe zafin yini su yi ta sakinsa har tsakar dare. Saki labulen tagar da rana ke duka tun safe, ka buɗe tagogi bayan Isha in da raga a jiki. Yi wanka awa 1 kafin kwanciya da ruwan da ba zafi ba sanyi. Ruwan ƙanƙara yana tsuke jijiyoyin fata ya wartsakar da kai, zafin kuma ya dawo. Katifa mai rufin leda tana tara gumi, shimfiɗa mata zanen auduga ko tabarma. Yayyafa ruwa a siminti, ko ka rataya jiƙaƙƙen zane gaban fanka. Iskar bazara busasshiya ce, dabarar tana aiki sosai, sai damina ta kawo laima take raguwa. In kana da fanka mai caji, adana cajin don dare. In kwanan tsakar gida ya fi maka, yi, amma cikin gidan sauro mai magani, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa, domin maleriya a kan jikin da bai gama farfaɗowa ba tana kayarwa. Maganin sauro na hayaƙi da fiya-fiya a ɗakin da kake kwana suna sa tari da ciwon kai. Janareta kuwa a ajiye shi waje nesa da taga, hayaƙinsa yana kashe mutum cikin barci ba tare da ya farka ba.

Sha ruwanka da rana, lita 2 zuwa 3 a wannan zafin in likita bai taƙaita maka ba, dafaffe ko wanda ka amince da tsaftarsa, har fitsari ya yi haske. Wani ciwon kan na rashin ruwa ne kawai. Awa 2 kafin kwanciya ka koma kurɓa, don kada fitsari ya riƙa tashinka. Abincin dare ya kasance tsakanin Magariba da Isha, marar nauyi: fate, ko tuwo kaɗan da miyar kuka ko kuɓewa. Tsire da balangu da yaji a ƙarshen dare su jira tukuna. In ƙwannafi na damunka, naɗe bargo ka tura ƙarƙashin katifa ta wajen kai ya ɗaga kamar santimita 15 zuwa 20. Tara filo wuya kawai yake lanƙwasawa. Ka fara kwanciya ta dama yadda sunna ta koyar, in ƙwannafin ya taso ka juya hagu, ya fi kwantar da shi.

Mu dawo kan shawarar abokinka. Baliyam da Lexotan suna sa barci, ba musu. Amma Baliyam yana wuce kwana guda a jiki, ka tashi da maye, ka yini kana gyangyaɗi, wato ainihin abin da muke ƙoƙarin rabaka da shi. Ga jiri da faɗuwa a banɗaki ga wanda ƙafarsa ba ta gama ƙwari ba, ga haɗari in ka hau babur ko ka ja mota. Cikin mako 2 zuwa 4 jiki yakan saba, ƙwaya 1 ta daina isa, ranar da ka bari kuma rashin barcin ya dawo fiye da na farko. Mutane da yawa da ke fama da ƙwaya ba da neman maye suka fara ba, da neman barci suka fara. Piriton maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, barcinsa yana dushewa cikin 'yan kwanaki, ya bar ka da bushewar baki da taurin bayan gida. Maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigowa da shi a 2018, da Tiramol, ko kusa da su kada ka je. In likitanka ya duba ka ya ga dacewar ba ka wani abu na kwana kaɗan, wannan daban, shi ya san abin da kake sha. Wanda kuma ya riga ya yi makonni yana shan Baliyam, kada ya yanke rana ɗaya, yana iya jawo jijjiga. Likita ne zai rage masa a hankali.

Akwai rashin barcin da alama ce ta wani abu, kuma ba ya jiran dabarun nan. Ciwon ciki mai tsanani, ko bayan gida baƙi ko mai jini, asibiti ne a daren, ba sai gari ya waye ba. In ma'auni ya nuna digiri 38 ko sama, koma a duba ka, domin taifod yakan dawo mako 1 zuwa 3 bayan gama magani, kuma zazzaɓin yana iya zama na maleriya. In ciwon gaɓoɓin ya tattaru a agara, jijiyar da ke bayan dunduniya, ko wurin ya kumbura, dakatar da tafiyar, kada ka sha Cipro na gaba sai ka ga likita a ranar, don maganin yakan taɓa wannan jijiyar. Tarin da ya wuce mako 2 tare da gumin dare mai jiƙa zane da rama, a gwada tarin fuka. Gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, ciki har da Asibitin Zana. In numfashi yana sarƙewa idan ka kwanta a miƙe, ko ƙafa ta kumbura, a duba zuciya. Yawan fitsarin dare da ƙishirwa, a auna suga. In kana jin kamar wani abu na bin cikin ƙafafunka da dare sai ka motsa su kake samun sauƙi, ko kana haki da bugun zuciya in ka ɗan yi tafiya, a auna jininka, ƙarancinsa ya zama ruwan dare bayan doguwar jinya. In maiɗakinka ta lura kana minshari mai ƙarfi har numfashi yana ɗaukewa, gaya wa likita. Haka nan in ka kai mako 2 ba abin da ke yi maka daɗi, ƙirji a cunkushe, kana jin ba ka da amfani, faɗa masa kai tsaye. Ciwon damuwa yana biyo bayan jinya, ba raunin imani ba ne, kuma ana maganinsa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen da ke kula da shi.

In ka riƙe tsarin nan, yawanci ana fara ganin sauyi cikin mako 1 zuwa 2, kuma ba a jere yake zuwa ba: dare biyu masu kyau, ɗaya marar kyau. Daren da ya ɓaci kada ya sa ka sauya lokacin tashi ko ka tsawaita ƙailula. A bayan littafin lissafin nan, kowace safiya rubuta lokacin da ka kwanta, kusan lokacin da barci ya ɗauke ka, sau nawa ka farka, tsawon ƙailula, da zafin jikinka. In mako 3 zuwa 4 suka wuce ba sauyi, tafi da littafin da duk kwalayen magungunanka wurin likitan da ya sallame ka. Kasuwa kuwa, in ya ba ka izini, fara da rabin yini: ka fita da safe, ka zauna a shago yaro ya yi ɗauke-ɗauken, ka dawo gida kafin Azahar.